Tsanwakar Kan Waya

Na dire madubin hangen nesan a kan teburinsa har kwalaben fenti suka yi ƙara.

"Ga kayanka. Tunda ka fasa, ban ga amfanin ajiye su ba."

Bai ɗago ba. "Na gode."

"Na gode? Shekara uku, shi ke nan abin da bakinka zai iya furtawa?"

Saura wata biyu aurenmu Yayana ya shigo gida ya ce wai mai zane ya janye. Babu dalili, babu ban haƙuri. Ni kuwa ba a yi mini irin wannan in kwanta ina kuka kawai, sai na ji daga bakin mai shi.

Aikinsa zanen tsuntsaye a littattafan makaranta. Lokacin da muka haɗu, duk abin da ke da fiffike a wajena tsuntsu ne kawai, har ya laƙaba mini Makauniyata. Shi ya koya mini dubawa: a fara da kai, sai baya, sai fiffike, a ƙare da jela. Ta farko da na iya ganewa ita ce tsanwaka, wadda kullum da hantsi take sauka a wayar lantarkin da ke gaban tagarsa.

"Ki tafi gida," ya ce a hankali, yana nuna taga. "Ga mutuniyarki can ta zo. Ki yi mata sallama, ki tafi."

Na waiwaya.

Kurciya ce a kan wayar. Toka-toka, ko ɗigon shuɗi babu a jikinta.

Na dubi zanen da ke gabansa, sai ga tsanwaka da koren baya maimakon ruwan ƙasa. Mutumin da ya taɓa yaga aikin kwana uku saboda shuɗin fiffike bai yi masa ba...

"Masoyi... wace kala ce ɗankwalina?"

Ya ɗago ya ƙura wa ɗankwalin ido, sannan ya sunkuyar da kai.

"Tun yaushe?"

"Wata biyar. Likita ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa. Kaloli suka fara tafiya, sauran ma yana hanya."

"Wa ya sani?"

"Ɗan Gwaggonki ya gan ni a layin asibiti, ya kai wa Yayanki."

Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa ɗan Gwaggo ya mai da gidanmu wajen zuwa, kullum da ledar tsaraba a hannu da murmushin munafunci, ashe ni yake nema.

"Yayanki bai zage ni ba," ya ci gaba. "Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Roƙona ya yi, ya ce kada in mai da ƙanwarsa 'yar jagora. Kuma gaskiya ya faɗa."

"Kun zauna ku biyu kun yanke, ni ba ni da baki?"

Na jawo kujera na zauna. Ya ce in tafi, na ƙi. Ya sake cewa, na yi kunnen uwar shegu da shi, hawaye na zuba ban share ba. Mun fi rabin awa a haka kafin kurciyar ta tashi, wata ta sauka.

"Ga wata ta zo," na ce. "Kai da ƙirji shuɗi mai haske, kamar sama bayan ruwa. Baya ruwan ƙasa. Bakin fiffike shuɗi mai duhu."

Na tsaya nan, na bar jelar da gangan.

Ya daɗe yana kokawa da kansa, sannan muryarsa ta fito a karye.

"Jelar fa? Kullum sai kin manta jela, Makauniyata."

"Gashi biyu dogaye, kamar zare."

"Ita ce..." Ya rufe fuskarsa da tafukansa ya fashe da kuka.

Ba wata biyu ba, sai da aka yi shekara ana ja kafin Ummata ta sauko ta amince da auren. Kafin nan idon ya rufe gaba ɗaya. Ranar aurenmu Yaya bai zo ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Da aka watse, mijina ya lalubo hannuna ya tambaye ni me na sa.

Na faɗa masa kamar yadda ya koya mini. Na fara da kai.