'Yar'uwar Sifikar Kawu Sallau

Ku matso. Hindatu, kashe wayar nan, wannan ba a faɗarsa cikin hayaniya.

Kun san Kawu Sallau na Funtuwa, yayan iyayenmu mata, wanda sai an zagaya damansa yake jin gaisuwa? To, ba haka aka haife shi ba. Da can kunnen maciji gare shi.

Tsofaffin sifiku yake tarawa, irin na katako masu fuskar yadi, waɗanda da ƙyar ƙato ke ɗaga guda. Na zamani kuwa gwangwani yake ce musu. A tsohuwar sifika, in ji shi, kana jin makaɗi yana jan numfashi kafin ya ɗauki baiti, kana jin saukar yatsa a fatar kalangu.

Akwai wadda ya fi so. Ita kaɗai ya samo a gwanjo, alhali bibbiyu ake ƙera su. Shekara goma sha ɗaya yana cigiyar 'yar'uwarta. Kullum bayan la'asar sai ya ɗora faifai, ya zauna gabanta yana jin daɗi rabi da rabi.

Sai 'yarsa Ladidi ta zo gida ta haihu. Ɗakin mai jego na jikin nasa, don haka ya daina kunna komai.

Kwana biyar da haihuwa, rana tsaka, ya ga wani dogon mutum tsaye a zaure. Ba sallama.

"'Yar'uwar sifikarka tana wurinmu."

Kawu mutum ne mai zargi, ko ruwa ka ba shi sai ya leƙa kofin. Nan take ya ce a ransa kayan sata ne.

"Wa ya ce maka ina da sifika?"

"Ana ji."

"Ɗan gidan wa ne kai?"

"Nan baya."

Ya kamata ya koma ciki, amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Ya tura kekensa ya bi shi. Duk hanya hannun mutumin yake kallo, ko zai zaro wuƙa. Ɓarawo yake tsaro, bawan Allah.

Suka wuce tsohon gidan gurzar auduga, suka shiga wani kango da ba rufi. Ba tsuntsu, ba akuya. Ga sifika zaune a tsakiya, katakonta na ƙyalli, ko ƙura babu. Ita ce, har ƙusoshinta.

Babu wuta a wurin, babu waya a jikinta. Amma wani abu na motsi a ciki, ƙasa-ƙasa. Kawu ya durƙusa ya kara kunnen hagu a yadin.

Ya ji daka a turmi. Ya ji matarsa, Inna Kande, tana faɗa a ƙara itace a ruwan wanka. Sannan ya ji kukan jariri, jikansa.

"Shekara goma sha ɗaya muna sauraron gidanka," in ji mutumin daga bayansa. "Ka iya zaɓen waƙa. Sai ka yi mana shiru, muka ce bari mu zo kusa. Ɗauke ta, kyauta ce, mu ma mu huta da ji daga nesa. Yaron nan muryarsa da daɗi. Jibi ne suna ko? Gara mu iso kafin a yi."

Nan ne kunnen Kawu ya gaya masa abin da idonsa bai gani ba. Duk tsawon maganar nan, mutumin bai ja numfashi ba ko sau ɗaya.

Tsoro ya kama shi. Duk da haka, da bakinsa ya gaya min, hannunsa ƙin barin katakon ya yi. Son abin bai bar shi ba. Sai da jaririn ya sake tsanyarawa ya iya miƙewa.

"Tana da nauyi," ya ce. "Bari in ɗauko igiya."

Ya bar keken. Bai yi gudu ba sai da ya wuce katanga, Ayatul Kursiyyu na harɗe masa a baki. Yana isa gida ya kora Ladidi da jariri gidan maƙwabta, Inna Kande na tambaya ko lafiya, ya wuce ta ya shiga ɗakinsa.

Sifikarsa ba a haɗe take da komai ba, amma ta yi magana.

"Sallau, mun ji shigowarka. Ina igiyar?"

Da gatari ya amsa. Ya faskara ta da hannunsa yana kuka, ya kai bayan gari ya ƙone. Kunnen da ya kara kuwa, daga ranar ya mutu murus. Aka yi suna lafiya. In aka yi masa jaje sai ya ce sifika ɗaya da kunne ɗaya a kan jika, ai ya samu araha.

Don haka kar wanda ya bi bayan gidan audugar nan shi kaɗai, balle rana tsaka. In kuma kuka ga kaya mai kyau a kango ba mai shi, ku yi ta'awwuzi ku wuce. Kar ku kara kunne.