Jan Maɓallin Kyamara

"Wa ya taɓa kyamarar nan?!"

Tsawar Nuraddeen ta sa 'yarmu Ummi ta shige bayan zanena.

"Ni ce, Abban Ummi," na faɗa da sauri.

"Ke? Fadila, na bar makunninta a wajen kallo, yanzu ga shi a wajen ɗauka!"

Kaset ɗin da ke cikinta na walimar aurenmu ne, shi kaɗai ya rage mana mai ɗauke da fuskar Hajiya, mahaifiyarsa, da muryarta. Tun rasuwarta bara yake son mayar da shi cikin kwamfuta, amma wayar kyamarar mai kai uku ce, ja da fari da rawaya, sabuwar kwamfutarsa kuwa ba ta da ramin ko ɗaya. Sai yau wani mai shago a Kawo ya samo mana ɗan akwatin da ke haɗa su. Na jona kyamarar a caji na fita karɓowa, na bar Ummi tana barci. Da na dawo, a cinyarta na same ta, jar fitila na ci.

"Idan an danna jan maɓallin nan, sabo yake hawa kan tsoho! Kin sani?"

"Na sani... ka yi haƙuri."

"Haƙuri zai dawo min da uwata?"

Gara ya huce a kaina da ya ɗaga wa yarinya 'yar shekara huɗu hannu, yarinyar da ta ci sunan Hajiya.

"Mu haɗa mu gani tukuna, don Allah."

Ya ɗauki wayoyin, ya kasa saita su. Na karɓa na soka kowace a raminta, na cusa akwatin a jikin kwamfutar, na mayar da kaset farko.

Ga Hajiya! Zaune a tsakar gidansu na Mando, da koren mayafinta, tana dariya.

"Nura, zo nan kai da amaryar, in sa muku albarka..."

Hoton ya yanke.

"Innalillahi..." Nuraddeen ya dafe kai.

Sai ga hancin Ummi ya cika allon, tana leƙen cikin kyamarar.

"Kaka? Kina ciki? Abba ya ce kina ciki. Ki fito mana... kullum idan ya yi salla sai ya yi kuka. Ki fito ki ce ya daina."

Na ƙara tare Ummi da jikina.

"Ni na bar ta ita kaɗai. Laifina ne, kada ka taɓa ta."

Bai ko kalle ni ba. A allon Hajiya ta dawo, tana shafa addu'a, "...amin, amin." Albarkar kanta ta tafi, har abada.

Ya durƙusa a hankali.

"Ummina... zo."

Ta leƙo, sannan ta taka a tsorace. Ya rungume ta, yana kuka, ya miƙo min ɗaya hannun.

"Fadilata, ki yafe min tsawar nan."

"Mu kwafe shi daga farko," na ce ina share hawaye. "In cire wajen Ummi?"

Ya girgiza kai.

"Bar shi yadda yake. Duka nake so."