Sabon Ɓawon Maɗaci

Ƙadangare ya kama gindin maɗacin da ƙafafunsa shida na ƙarfe, ya fara hawa yana huci. Ba ƙadangaren Allah ba ne, na'ura ce mai girman ɗan akuya wadda Makarantar Kula da Bishiyoyi ta Birnin Gwauron Tudu ta ƙera. Duk inda idonta ya ga rauni a jikin bishiya, sai ta fesa wani ruwa mai kauri, ta lailaye shi da harshenta. Kafin a ce kwabo ya daskare ya zama ɓawo, har da tsage-tsagensa.

Barira na tsaye a ƙasa tana tuƙa na'urar da allon da ke ɗaure a hannunta. Yau ce jarrabawarta ta ƙarshe. In ta rufe bishiyar nan ba tabo, za a sa mata koriyar hula, a kira ta likitar bishiya. In ta faɗi, sai ta koma inda ta fito: bin bayan motocin shara marasa direba, tana tsince ganyen da suka bari.

Mutanen birnin sun daɗe da komawa hawan jiragen da ke bin waya a sama, amma ba su bar shan sassaƙe ba. Ciwon ciki maɗaci, zazzaɓi maɗaci, basir maɗaci. Aka yi ta sassaƙar bishiyoyin titi har suka yi tsirara. Shi ne masanan makarantar suka haɗa wannan ɓawo da narkakkiyar robar bola, suka zuba masa sinadari mai ɗacin tsiya, wai duk wanda ya ɗanɗana ba zai ƙara ba. Sun manta jama'arsu da ɗaci suke auna ƙarfin magani. Tun daga nan sassaƙa ta ninku. Na'ura ta ɗinke, a yanke, ta sake ɗinkewa. Makaranta kuwa ta ƙara ɗaukar ɗalibai, tun da aiki ya samu.

Ƙadangare ya kai tsakiyar bishiyar ke nan, sai ƙafarsa ɗaya ta lume, ɓus! Wani baƙin ruwa ya tsiyayo ta ramin, da wari irin na kwatar mahauta a tsakiyar bazara. Barira ta tura idon na'urar ciki, ta dubi allo. Babu itace. Wani abu ne caɓal kamar ruɓaɓɓen kunu, fararen tsutsotsi suna iyo a ciki. Robar ta hana bishiyar shan iska, ta dahu a cikin rigarta.

Ta juya wajen Malam Tukur, mai duba jarrabawar, wanda ya toshe hanci da bakin hannun rigarsa.

"Malam, bishiyar nan a tsaye ta mutu."

"Me allon ya ce?"

"Ya ce rauni."

"To, rauni ai ɗinke shi ake yi."

"Amma Malam, cikinta..."

"Ke, a wane darasi aka koya miki cikin bishiya? Mu waje muke karantarwa, waje kuma ake ba wa maki."

A bayan igiyar da aka ja, mutane sun yi layi, kowa da wuƙarsa, don sun ce sabon ɗinki ya fi ɗaci. Wani mai furfura ya ɗaga murya, "Malama, a ɗan sa hannu mana, basir ba ya jiran jarrabawa!" Aka tuntsire da dariya.

A gaban layin kuwa Gwaggo Tasalla ce, ƙanwar mahaifin Barira da ta raine ta, ta sha ado kamar mai zuwa biki, ga 'yar wuƙar yankan kuɓewa a hannu. Ba sau ɗaya ba Barira ta gaya mata abin nan roba ce. Amsarta kullum ita ce, "Roba da ɗaci haka? Ku 'yan boko kun cika raina ni'imar Allah."

Barira ta matsa kusa da Malam Tukur, ta rage murya. "A bar ramin a buɗe su gani da idonsu. Wallahi in suka gani ba mai ƙara sha."

"Bar shi mana," in ji shi. "Hannunki ne a kan allon. Sai dai tsintsiyarki na nan inda kika ajiye ta, ba wanda ya ɗauka."

Ta dubi ramin. Ta tuna ranakun da take durƙushe a bakin titi, jirage na wucewa a sama, ba mai sanin da mutum a ƙasa. Ta dubi koriyar hular da ke leƙowa daga aljihun Malam. Yatsanta ya sauka a kan allon.

Ƙadangare ya fesa. Harshensa ya kwaso baƙin ruwan nan, da abin da ke motsi a cikinsa, ya cakuɗa da sabuwar roba, ya lailaye sumul har ƙasa. Warin ya ɗauke. Allon ya yi kore.

Malam Tukur ya ɗora mata hula, aka sauke igiya. Gwaggo ta rangaɗa guɗa, ta riga kowa isa gindin bishiyar, ta yanko ɓawon tun yana da ɗumi. Ta gatsa, ta runtse ido, ta girgiza kai don daɗi.

"Kai! Wannan ya fi na kullum. Hannun 'yata da albarka yake." Ta ɓalli rabi ta miƙo. "Ungo, likita, ɗanɗana aikinki."

Jama'a suka zuba mata ido suna murmushi. Malam Tukur ma ya tsaya yana kallo. Barira ta karɓa. Abin yana da danshi, yana manne wa yatsa. Ta sa a baki, ta tauna, ta haɗiye, aka yi mata tafi.

A shekarar nan makarantar ta yaye likitocin bishiya fiye da kowace shekara. Ba wanda ya ƙara leƙa cikin wata bishiya, don haka ba a sake samun mara lafiya ba.