Tayin Mama

"Ka mayar da ni gidanmu kawai."

Maganar da Baƙuwa ta tari mijinta da ita ke nan, ko makullin babbar motarsa bai ajiye ba. Baƙuwa ake ce mata a gidan, don daga wata ƙabila mai nisa ya auro ta, ya ajiye ta wajen mahaifiyarsa, shi kuwa kullum yana kan titi da kayan mutane.

"Hasken idona, me ya yi zafi? Dubi yadda kika rame..."

"Mama ba ta ƙaunata."

Ta nuna masa akwatinta, har ta ɗaure. Baiwar Allah, ta ga kaɗaici a ɗakin nan. Wuni take zaune bakin taga tana kallon igiyar shanya, ba mai jin yarenta, ba mai leƙo ta. In an sauke tukunya Mama za ta ce, "Zo ki ci." Ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce ta ƙoshi. Shi ke nan, sai ta ji an rufe kwano. Daga baya ta jiƙa busasshen burodi a ruwan shayi, tana ci tana share hawaye.

Ashe Mama na bakin ƙofa.

"Ni ce ba na ƙaunarta? Yarinyar da ke ƙyamar girkina? Tun rasuwar babanka ni kaɗai nake cin abinci. Na ce Allah ya kawo mini abokiyar ci, sai ga mai cewa ta ƙoshi safe da yamma."

"Ƙyama kuma, Mama?" in ji Baƙuwa. "A wajenmu wanda ya karɓi tayin farko ba shi da tarbiyya. Sai an yi ta matsa maka, har a kamo hannunka. Kullum jira nake ki sake faɗa..."

"A wajenmu kuwa sau ɗaya ake tayi. Maimaitawa takura baƙo ce."

Direba ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya rasa dariya zai yi ko kuka.

"Wato kowa na girmama kowa, har kuna neman kashe juna da yunwa. Malamin da nake ji a rediyon mota ya ce ko mutanen Makka da suka yi hijira, sai da suka yi mamakin matan Madina, masu mayar wa mazansu magana. Amma ba wanda ya ɗaure akwati. Zama suka yi har suka san juna."

"Rufe mana baki, malamin titi," in ji Mama. "Kai da ka san gidajen biyu, me ya hana ka gaya mana?"

Ya sosa ƙeya.

Mama ta dubi akwatin, ta ce a hankali, "Zauna."

"A'a, Mama... na riga na ɓata miki rai."

Tsohuwar ta juya za ta fita, kamar yadda ta saba. A bakin ƙofa ta tsaya, ta dafa bango. Matar da ba ta taɓa maimaita wa kowa magana ba, ko mijinta.

"Zauna mana." Ta juyo. "Ki zauna, 'yata. Don Allah ki zauna, gidan nan ya yi mini girma..."

Ta dawo ta kamo hannun Baƙuwa, ta riƙe shi wani iri, kamar mai koyon riƙon jariri.

"Sau nawa ake faɗa a wajenku? Ni ban iya ba. In na kai ki gaya mini."

Baƙuwa ta kifa fuskarta a kafaɗar tsohuwar, kuka ya ƙwace mata.

"Kin kai, Mama. Amma ƙara ɗaya... na daɗe ban ji ba."