Kaza Mai Ɗinki a Rufin Hajiya Nawal

Sufeto Midhat bai gama shayinsa ba aka kira shi lungun masu tukwane, a wani ƙauye kusa da Fayyum a ƙasar Masar. An kwashe kajin Hajiya Nawal, kuma 'ya'yanta uku sun tsaya ƙofar maƙwabci da sanduna.

Maƙwabcin, Baba Shahat mai sayar da dafaffen wake, ya kulle kansa da karensa. Daga can ƙarshen lungu danginsa sun fara taruwa, su ma da nasu sandunan. Sufeto ya duba agogo. Saura awa ɗaya a taso daga Juma'a, lungun ya cika da maza.

"Ka fito da karen nan mu kashe, ko mu karya ƙofar!" in ji Ragab, babban ɗan Hajiya. Sandarsa na hannun hagu, na dama yana cikin aljihun jallabiya.

Sufeto ya bar kofur biyu a tsakani, ya hau tsani zuwa rufin soro inda akurkin yake.

"Kajina goma sha huɗu, Yallaɓai, saura uku," in ji Hajiya Nawal tana haki. "Da ƙwansu na rene waɗancan ƙattin."

Ya tsuguna. Gashin kaji ko'ina, jini kaɗan. An buɗe ragar ƙarfen a miƙe, kowace waya a yanke tsaf.

"Hajiya, karen Baba Shahat yana yawo da filaya ne?"

"To ko tunku ne?"

"Tunku a nan zai bar miki gawarwaki, ba ya tafiya da buhu."

Ya sauka da sauri, ya ƙwanƙwasa tagar tsohon.

"Ina karenka ya kwana?"

"A ɗaure, wallahi."

"Igiyar tana rataye a ƙusa, har gizo-gizo ya yi mata saƙa."

Baba Shahat ya ce, "To, a gadona yake kwana, kunyar faɗa nake. Ɗana, karen nan haƙoransa biyu suka rage. Wake nake dama masa."

Ihun ya ƙaru a lungu. Wani ya jefi ƙofar da dutse. Sufeto ya sake hawa tsanin, gumi na bin bayansa, ya zagaya rufin sau biyu. A bayan tankin ruwa ya ji motsi ƙarƙashin wani kwando da aka kife, aka danne da bulo.

Kaza ce, da kofin ruwa a gabanta. Waya ta tsaga mata ƙirji. An fige gashin wurin, an wanke, an ɗinke da baƙin zare, ɗinki shida a jere, an shafe da maganin ciwon nan jibi har wurin ya koma shuɗi.

"Ke kika yi wannan?"

"Ni? Garin kofi nake zuba wa ciwo in bar wa Allah. Ko zare ba na iya zurawa a allura yanzu."

"Me ya sa aka ware ta?"

"Ai kaji in suka ga jan jini, sai sun tsattsage 'yar'uwarsu."

"Wa ke ɗinke tsuntsu a lungun nan?"

Idonta ya kai kan ɗakin tattabaru na katako da ke rufin gaba, ta yi maza ta ɗauke shi.

"Ban sani ba," in ji ta.

Sufeto ya rungumo kazar ya sauko. Ya ratsa taron kai tsaye zuwa gaban Ragab.

"Naka ne tattabarun can?"

"Nawa ne. Me ya haɗa su da kare?"

"In shaho ya yagi ɗaya, wa ke ɗinke ta?"

"Likita."

"Likita?" wani maƙwabci ya kwashe da dariya. "Kai da muke kai wa namu!"

"Riƙe mini ita," in ji Sufeto, ya saki kazar a ƙirjinsa.

Sandar ta faɗi. Ragab ya tallafe kazar da hannu biyu, a hankali, yana kare ɗinkin. Yatsun damansa shuɗi ne har cikin farce.

Mutanen lungun suka matso suna kallon hannun.

"Wasu tattabaru biyu na gani a kasuwar Talata," Ragab ya ce da ƙyar. "Mai su ya ce zai karɓi kaji. Da nake fito da su sai wannan ta maƙale a waya. Ba zan iya barin ta haka ba, Yallaɓai."

"Amma za ka iya sa a fasa kan tsoho," in ji Sufeto.

Ƙannensa suka sauke sandunansu. Kofur ya karɓi kazar ya miƙa wa Hajiya Nawal, wadda ta sauko ta zauna a bakin ƙofa, sannan ya kama hannun Ragab.

Sun kusa mota sai Hajiya Nawal ta ɗaga murya, ba ta dubi Ragab ba.

"Kai, marar kunya! Zaren nan yaushe ake cire shi?"

"Bayan kwana bakwai, Inna. Kar ki haɗa ta da sauran tukuna."