Wanda Ya Ɗauke Kan Mutumin Denisoba

Ranar Litinin da hantsi aka kira Sufeto Mahfuzu wata sakandare a Buza, wai an sace ƙoƙon kai. Ya taho da zafinsa yana zaton kisa, sai ya tarar da malamar kimiyya, Madam Raihana, ido ya yi jajur.

"Kan wa?" ya tambaye ta.

"Na mutumin Denisoba, Yallaɓai. Wasu mutane da sunka ƙare tun dubban shekaru, 'yan'uwan wasu mutanen da, su Niyandatal. Ba ma na gaske ba ne, da hwarar ƙasa anka kwaikwaye shi. Aro niy yo daga jami'a."

"To, kukan na mene ne?"

"Gari ya ɗauka wai boka nis saida ma. Darakta ya ce in bai hito ba, in bar aiki."

Sufeto mutum ne mai son jin ƙwaƙwaf. Sai da ya gama tambayar ko mutanen nan sun yi noma, ko sun san wuta, sannan ya tuna abin da ya kawo shi. Ya duba kabad ɗin da ake ajiye ƙoƙon kan. Ba a ɓalle kwaɗo ba, makulli kuwa daga Madam sai Halidu, tsohon maigadin makarantar.

"Jiya ina Allakaye, wajen suna," in ji Halidu. "Ban ga komi ba."

Sufeto ya zagaya bayan aji. Gindin famfo ƙasa ta yi fari fat, ga dakakken ganyen magarya ya bushe a kai. Ya tsuguna yana mamaki. Wane ɓarawo ne zai yi wa abin sata wanka, da magaryar da ake wanke mamaci?

Ya dawo ya ƙare wa tsohon kallo.

"Baba, rawaninka bai rufe kunne ba, bakinsa kuma sabon yanka ne. Ina sauran?"

Halidu ya kai hannu ya shafa bakin rawanin.

"Likkahwani niy yi mai," ya ce. "Na yi mai salla, na kai shi maƙabarta."

"Farar ƙasa ce fa, Baba!"

"Na sani. Amma Madam ta ce da kan wani anka kwaikwaye shi. Shi wa yar ruhe shi? Ɗana Takawa ya ɓace cikin hamada, hanyar Libiya. Kullum in ina shara sai kan ga shi dube ni. Nic ce bari in ruhe na wasu, ƙila wani shi ruhe nawa."

Madam ta juya baya tana share ido. Aikinta dai ya tsira. Sufeto ya taɓa ankwa a aljihu, ya bar ta a can, ya kama hannun tsohon zuwa mota.

"Mu tai in gwada maka wurin," in ji Halidu. "Amma kai za ka tona. Ni hannuna ba ya iyawa."