Farin Zare a Kan Tabo

Lamyai ta ɗaga hannuwa za ta haɗa tafukanta a ƙirji ta gaida Inna Samli, mahaifiyar saurayinta Thawin, yadda ake gaida manya a ƙasarsu, na daman ya ƙi lanƙwasuwa.

Zafi ya ratsa ta har kafaɗa. Ta sunkuyar da kai kawai...

Inna Samli ta kawar da fuska.

Tun da babur ya kayar da Lamyai ƙasusuwan wuyan hannunta suka goce. Likitoci a birnin Khon Kaen suka yi mata aiki, suka kafe su da siraran ƙarafa. An zare ƙarafan, an cire filasta, amma hannun ya sandare. Duangta, 'yar maƙwabta da ta daɗe da ɗora ido kan Thawin, ta bi gari tana cewa hannun ya mutu, wai gaisuwar ma ta gagara balle saƙa. Tsohuwar ta ce a dakatar da maganar aure.

"Ka haƙura da ni, Yaya," Lamyai ta ce wa Thawin, idonta a ƙasa.

"Miƙo hannun, gimbiyata, ruwan zai huce."

Kullum da yamma sai ya zo ya gasa mata da ruwan ɗumi, ya ɗora tafinta a nasa yana turawa a hankali yadda likita ya nuna. In ta yi ƙwalla ya ce ai raguwa ce, wannan hannun jiya ya ga ya dunƙula shinkafa ya kai baki babu gardama.

Tana kuka tana dariya.

Bayan girbi Inna Samli ta aiko kiranta. Duangta na zaune a gefe tana taya tsohuwar kaɗi.

Lamyai ta durƙusa. Ta ɗaga hannuwan...

Suka haɗu. A karkace, amma sun haɗu.

"Ai bai miƙe ba, Inna," Duangta ta ce.

Tsohuwar ba ta kalle ta ba. Ta tsinko farin zare daga kaɗin, irin wanda manya ke ɗaura wa wanda ya tashi daga ciwo. Ta juya hannun Lamyai, ta daɗe tana kallon dogon tabon, sannan ta ɗaura a kansa.

"Da zafi, 'yata?"

"Kaɗan, Inna."

"To sauke haka nan. Ki ajiye sauran ƙarfin, ranar ɗaurin aure dangina da yawa za ki gaisar."